Waya a Kan Sandar Fatsa

Da hantsi ne, ranar Lahadi. Ruwan da ya kwana yana zuba ya tsagaita, sai yayyafi da iska mai sanyi daga teku. Motocinmu uku ne a filin bayan wani gidan cin abinci, kowa da gadonsa da murhunsa a cikin tasa. Mai gidan ya rufe tun shigowar sanyi ya tafi birnin Atina, amma ya bar mana intanet a kunne, mu kuma muna share masa ganye a bakin ƙofa. Tsawar jiya ta kashe intanet ɗin. Makulli kuwa yana Atina.

Ni abin bai dame ni ba. Tsinkar zaitun nake yi, in aiki ya ƙare a ƙauye in tayar da mota zuwa na gaba, kuma masu gona ba sa aiko da imel, daga kan tarakta suke ƙwala wa mutum kira.

Vangelis ne ya shiga damuwa. Tsohon direban bas ne daga Salonika, tun mutuwar aurensa yake zaune a mota. 'Yarsa Mirto tana wurin uwarta, wadda ta yarda su riƙa ganin juna ta kiran bidiyo duk Lahadi kafin abincin rana. Sau biyu rashin sabis yana hana shi. Sai ta rubuto masa cewa in aka ƙara, ba za ta sake zaunar da yarinya gaban kwamfuta tana jiran wanda ba zai zo ba.

Na same shi a saman motarsa, ya ɗaga waya sama yana juyawa. Tsoho Lefteris da matarsa Fotini, masu mota ta uku, suna ƙasa suna kallo.

"Sauko, ɗan nan, kafin iska ta kai ka Italiya," in ji Fotini.

"Yana zuwa yana ɗaukewa, Inna. Bari in hau titi kawai."

"Da wace motar? Rafin da ke kan hanya ya cika har gwiwa," in ji Lefteris. "Ƙarfen sabis yana bayan dutsen can. Tsayi ne ba ka da shi."

"Ji mai tsayi yana magana," in ji matarsa.

Lefteris ya juya ya nufi motarsa. Ya je ya ciro doguwar sandarsa ta fatsa. Dabarar ba sabuwa ba ce a wurin masu zaman mota: a sa waya a leda, a ɗaure a kan sanda, a ɗaga, sannan a jona kwamfuta da ita daga ciki. Muka ɗaure sandar a jikin tsanin motar. Vangelis ya shiga, can sai muka ji ya ce, "Ya kawo!" Iska ta lanƙwasa sandar, ya ce, "Ya tafi." Ya ƙara da wata kalma da Fotini ta ce ba a faɗarta ranar Lahadi.

"Sai an hau an riƙe," in ji Lefteris. "Da zan hau, gwiwata ce."

Fotini ta ce, "Gwiwar da ke kai ka gidan giya da gudu? Stathis, ɗana, ajiye kofin nan."

Na ajiye kofina a kan dutse, na hau. Saman motar da santsi, don haka na zauna na harɗe ƙafa, na kafa gindin sandar a cinyata, na riƙa juya ta a hankali har Vangelis ya buga rufin daga ciki. Nan na tsaya.

Akwai 'yar taga a rufin, ba ta rufuwa sosai. Ban yi niyyar ji ba, amma ba inda zan je. Muryar mace ta fara fitowa, gajeriya, sannan ta yarinya.

"Baba, duba! Haƙorina ya fita."

"Kai! Wa ya sace shi? Faɗa mini in bi shi da mota."

Ta yi dariya. Ta nuna masa kyanwa, ta karanta masa wani abu na makaranta, ta koma farko saboda ta yi kuskure. Yayyafin ya ƙaru, yana bin wuyan rigata. Hannuna na dama ya mutu, na sauya na hagu a hankali don kada sandar ta motsa.

"Mama ta ce yau ma ba za ka samu sabis ba."

"Ni? Dogon ƙarfe gare ni a saman mota, na musamman. Ko iska ba ta girgiza shi."

"Lahadi mai zuwa ma?"

Sai na ji muryar uwar daga nesa ta ce, "Lahadi mai zuwa ma. Zo ki wanke hannu."

Na jira ya fito, bai fito ba. Labule kawai na ji ya ja. Lefteris da Fotini sun riga sun shige tasu motar, suna gardama a kan gishirin miya.

Na sauko, na kwance ledar, na goge wayar da gefen rigata inda bai jiƙe ba. Na ajiye ta a matakalar ƙofarsa, na kifa mata roba saboda ruwa. Sandar kuma na jingine ta a jikin motar Lefteris. Kofina na nan a kan dutse, ya cika da ruwan sama. Na zubar, na shiga motata na ɗora wani shayi.