Raƙumin da Ya Shiga Rauda

Zakiru ya kusa shekara uku a Madina, amma da za ka tambaye shi abin da ya fi sani a garin, kwali zai ce maka. Aikinsa ke nan a wani babban sito da ke unguwar Aziziyya, ya sauke kwali, ya farke kwali, ya jera kwali. Maigidansa Abu Nayif kayan wasan yara yake shigowa da su daga wata masana'anta can gabashin duniya, bayan teku. Alhazanmu kuwa, Allah ya shirye mu, sai su kwashi kayan nan niƙi-niƙi su kai gida a matsayin tsarabar Madina, alhali wanda ya ƙera su ko alƙibla bai san inda take ba.

Da ciki ya bar matarsa Lauratu a ƙauyensu, gabas da Gumel. Aka haifi mace, aka sa mata sunan mahaifiyarsa, Inna Azumi, saboda haka Mimi ake kiranta. Bai taɓa ɗaukarta ba. Muryarta kawai ya sani, idan ya buga wayar Badaru mai kanti aka kai masa ita cikin gida. Abin yana cin ransa ƙwarai, kullum hannunsa cikin kayan wasan 'ya'yan wasu, tasa 'yar kuwa gwangwanin madara take ja da zare.

Gab da aikin Hajji aka kawo wasu 'yan raƙuma na katako, an shafe su da jan fenti mai ƙyalli, sirdinsu ruwan ɗorawa. Zakiru ya sayi ɗaya. Sai kuma ya ga bai kamata ya aika da shi haka kawai ba, abin da ya fito daga kwali ya koma kwali. Ya sa shi a aljihun jallabiya ya nufi Masallacin Annabi, ya kutsa cikin turmutsitsin nan har ya samu ya shiga Rauda, wurin da ke tsakanin kabarin Manzon Allah da mumbarinsa. Ya yi nafila, ya dafa aljihun, ya yi wa Mimi addu'a har da hawaye. Da Hajiya Ƙaltume ta garinsu ta zo ziyara, ya damƙa mata shi.

"Hajiya, ki gaya wa Inna wannan ba irin na kasuwa ba ne," in ji shi. "Da shi na shiga Rauda."

Hajiya Ƙaltume kuwa ba a ba ta saƙo ta rage. Kafin ta kwance kayanta, ƙauyen duka ya ji cewa 'yar Zakiru tana da raƙumin da ya ziyarci Ma'aiki. Daga nan duk wayar da ya buga, labarin raƙumi ne. Mimi da shi take kwana, da shi take tashi, tana haƙora kansa take ciza. Zakiru yana ji yana dariya, daɗi kamar ya kashe shi.

Watanni suka shuɗe. Wata safiya cikin tsananin zafi Abu Nayif ya shigo siton fuska a murtuke, ya sa aka ja ƙofa. Ya ce 'yan baladiyya, wato hukumar gari, za su zo duba kaya, kuma raƙuman nan da suka rage ba ya son a gan su. Ya ce a ɓamɓare takardar masana'anta da ke manne a cikin kowane ɗaya, a juye su cikin buhuna marasa suna.

"Lafiya, ya Abu Nayif?" in ji Zakiru.

"Surutu ne na Turawa a kan fenti. Mafi mushkila, babu matsala. 'Yan kasuwarku na Afirka za su kwashe, can babu mai tambaya. Yalla, ya Zakir."

Kalmar fentin nan ta tsaya masa a rai. Da aka tashi sallar azahar bai tsaya cin abinci ba, ya taka har kantin magani da ke bakin titi, inda wani mutumin Zariya, Muhammad Awwal, yake aiki. Mai haɗa magani ne, amma Hausawan unguwar Likita suke ce masa, shi kuma ya gaji da gyara musu. Zakiru ya ciro ɗan raƙumi ɗaya ya ajiye a kan teburin.

Muhammad Awwal ya juya shi, ya kankari sirdin da farce, fentin ya taso. Ya ce ya ga labarin a jarida. Dalma ce a cikin fentin, saboda ta fi araha kuma ta fi ƙyalli. Ya ce 'yan matan da ke shafa shi a masana'antar da hannu tsirara su ne suka fara kwanciya, aka yi ta sallamarsu ana ɗaukar wasu, har magana ta fasu. Ƙasashen da ke da ƙarfi sun mayar da nasu, sauran kayan kuma suna yawo a duniya suna neman inda ba a tambaya.

"To Likita, idan yaro yana wasa da shi fa?"

"Wasa da hannu da sauƙi. Baki ne abin tsoro, yaro ƙarami ya riƙa tsotsa."

"In ya tsotsa me zai same shi?"

"Ciwon ciki, ƙin abinci, yawan kuka. In ta taru a jiki tana taɓa ƙwaƙwalwa. Yaron da ya fara magana sai ka ga ya koma baya." Ya ɗago kai ya dubi Zakiru. "Malam Zakiru, zauna mana. Wa ka ba?"

Zakiru bai iya zama ba. Tun watannin baya Lauratu take ce masa cikin Mimi yana murɗawa, ba ta son tuwo, ta cika rigima. Kowa ya ce haƙora ne, shi ma ya ce haƙora ne. Kuma ya tuna rabon da a kanga mata waya ta ce "Baba" an daɗe, ya ɗauka ƙiwa ce ta yara.

A nan bakin kantin ya buga wa Badaru, ya roƙe shi ya ruga gidansu. Inna ce ta karɓa. Ya gaishe ta a gurguje, abin da bai taɓa yi ba, ya ce a raba Mimi da raƙumin nan yanzu, akwai guba a jikinsa.

"Guba?" in ji Inna. "Zakiru, ka san abin da kake faɗa? Abin da ya shiga Rauda?"

"Inna, ba a Madina aka yi shi ba. Fentin ne..."

"Ko a ina aka yi shi, ai ya je gaban Ma'aiki. Kai da bakinka ka aiko. Yarinyar nan ba don shi ba da ban san yadda za mu yi ba. Duk sanda cikin ya taso, jiƙa shi nake yi a ruwan ɗumi in ba ta ta sha, kamar yadda ake yi da rubutu. Sai ka ga ta yi barci."

Zakiru ya jingina da bango. Ya yi magiya, ya haɗa ta da Allah, ya ce likita ne ya faɗa. Inna ta ce likitocin zamani babu abin da ba su faɗa, kuma ita ba za ta jefar da albarka da hannunta ba tana dab da kabari. Ta ƙara da cewa yarinya ba ta san ubanta ba, abu ɗaya da take da shi nasa shi ne yake so a ƙwace. Wannan maganar ta fi komai yi masa ciwo, don gaskiya ce. Kuma ya san Lauratu ba za ta iya tsallake maganar surukarta a cikin gidan ba.

Ya koma sito ya tsaya gaban Abu Nayif, ya ce yana son izinin fita, 'yarsa ba lafiya. Fasfonsa yana hannun maigidan, kamar na kowane ma'aikaci, ba shi da hanyar barin ƙasar sai da sa hannunsa. Abu Nayif ba mugu ba ne irin na tatsuniya, har ya ce Allah ya ba ta lafiya. Amma ya nuna tulin kwalayen da haɓa.

"Ka gama min waɗannan tukuna. Ba'adain, daga baya, mu yi magana."

Sai Zakiru ya zauna a ƙasa ya ci gaba da ɓamɓarar takarda. Ya san sarai inda buhunan za su, ya san irin gidajen da za su shiga da irin bakunan da za su same su. Ya sani, kuma bai daina ba, domin kowane buhu da ya ɗaure yana matso da shi kusa da Mimi. Jan fenti ya cika masa ƙarƙashin farce. Yana aiki yana tunanin 'yan matan can da suka shafa shi, ko su ma akwai wanda suke son komawa wurinsa ne ya sa ba su ajiye buroshin ba. Bai taɓa ƙin kansa irin na kwanakin nan ba.

Muhammad Awwal ya faɗa masa sunan gwajin jinin da za a nema a babban asibiti, ya ce akwai maganin da ke rage dalmar, amma ya yi masa gaskiya, abin da ta riga ta ɓata ba lallai ya dawo ba. Ya ce abu na farko dai a cire shi daga bakinta, kowace rana tana da muhimmanci. Zakiru ya riƙe wannan maganar da hannu biyu. Ya riƙa gaya wa kansa fentin yana da kauri, raƙumin da girmansa, bakin yarinya kuwa ɗan mitsitsi ne.

Ranar kasuwar garinsu ya sake bugawa, don ya san Inna ba ta fashin kasuwa. Badaru ya kai wa Lauratu wayar, Zakiru ya roƙe ta ta raba Mimi da raƙumin. Daga nesa yana jin kukan Mimi, wani siririn kuka mara ƙarfi.

"Malam, na ɗauke," in ji Lauratu ƙasa-ƙasa. "Ga shi a hannuna. In Inna ta dawo ban san abin da zan ce mata ba."

"Ki ce ni na sa ki. Allah ya yi miki albarka, Lauratu. Ki naɗe shi a leda ki jefa a masai, ki wanke hannunki da sabulu. Kada ki bari ko ɓurɓushin fentin nan ya sake zuwa bakinta."

Kukan Mimi ya cika wayar.

"Lauratu, kina ji na?"

"Ina ji, Malam. Wane fenti?"

"Jan nan na jikinsa, da na sirdin."

"Ai babu ko ɗigo," in ji ta. "Fari ne tas, kamar muciya. Tun kafin ruwan farko Mimi ta gama lashe shi."

Zakiru ya durƙusa a tsakanin buhunan, wayar tana kunnensa. Lauratu tana ta tambayarsa ko har yanzu ta jefar, shi kuwa yana kallon jan fentin da ke ƙarƙashin farcensa.