Tankin Wendell Ya Yi Tsatsa

Mijin yayata, Wendell Hruska, shi ne shugaban ƙungiyarmu ta masu kiwon murjanin teku mai rai cikin tanki a birnin Toledo. Tunda ya yi ritaya daga sayar da inshora ba shi da aiki sai tsayawa gaban tankin ruwan gishirin da ya cinye rabin falonsu, hannu a ƙugu, kamar shi ya halicci teku.

Akwai wata gansakuka mai launin tsatsa da muke kira dayatom, wadda ke lulluɓe yashi da gilashi kamar an barbaɗa garin kirfa. Sababbin tankuna ta fi kamawa, kuma idan abincinta ya ƙare ita da kanta take tafiya. Wendell ya sa mata suna “ƙazuwar 'yan koyo”. Ranar da wata sabuwar mamba, Odalys, ta nuna hoton nata tankin tana neman shawara, sai ya ɗaga wayar sama kowa ya gani.

“Baiwar Allah, kifi kike kiwo ko miya kike dafawa?” in ji shi.

Ana saura 'yan makonni ƙungiya ta kai ziyarar shekara gidansa, yayata Lorna ta kira ni. Na tarar da tankin da ya shekara da shekaru tsaf ya yi jawur da tsatsa, Wendell kuma ya naɗe hannun riga yana ta dirzar gilashi.

“Shugaba, ashe manya ma suna ƙazuwa?” na ce.

“Ba ita ba ce. Wani nau'i ne daban, ba za ki gane ba.”

Ita ce mana. A gareji na ga buhun yashin wasan yara da ya sayo a shagon kayan gini ya zuba wa tankin, wai don wani kifi mai haƙa rami. Ga na'urar tace ruwansa ta daɗe da gajiya, launinta ya juya bai lura ba. Yashin da ruwan da bai tacu ba su ke ciyar da gansakukar. Na ce masa ya canja matatar, ya zuƙe yashin a hankali, ya ƙara dodon koɗi masu cin gansakuka, sannan ya sa hannunsa a aljihu ya jira.

“Jira na masu ƙaramin tanki ne, Jolene,” ya ce.

Sai ya shiga yaƙi. Ya lulluɓe tankin da barguna, kifaye suka yi kwanaki cikin duhu. Ya tsiyaya maganin da wani a intanet ya rantse da shi, bai ga sauyi ba, ya ƙara wani a kai. Ya fito da duwatsun ya goge su da burushin haƙori. Tsatsar kan ɓace da safe, kafin la'asar ta dawo abinta. Murjanin ne suka kasa jurewa. Wani kore mai rassa da Lorna ke ƙauna ya koma fari fat, kamar ƙashi.

Ranar ziyara muka tarar an ja labule, fitilu masu shuɗi kaɗai ke ci, irin hasken da ke ɓoye komai. Lorna na raba taliya da cuku a faranti, Wendell na jawabi kan haƙuri da sanin ruwa. Abin da ya manta shi ne fitilun suna da agogonsu. Yana tsakar magana farin haske ya kunna kansa.

Kowa ya juya ga tankin. Ga ƙasusuwan murjani, ga tsatsa shimfiɗe a kan yashi, lafiyarta ƙalau.

Odalys ta matso da farantinta ta leƙa. “Kai, irin tawa ce sak. Tawa dai ta tafi tuni. Ban ma taɓa ta ba.”

Wendell ya juya kan matarsa. “Lorna ce ke buɗe labule, rana na dukan tankin.”

Yayata ta ajiye cokali. “Wendell, labulen nan rabonsa da buɗuwa tun auren ɗanmu Travis. Yashin yara ka zuba, ni na riƙe maka bokiti.”

Wani dattijo ya ƙware da lemo. Mutane suka fara tuna cewa suna da wurin zuwa.

Bayan nan Wendell ya yi fushi da tankin, ya koma ɗakin ƙasa yana kallon wasan ƙwallon hoki a talabijin, ko leƙa tankin ba ya yi. Lorna ke watsa wa kifi abinci, ni na zo na canja matatar. Da ya daina sa hannu, kafin wata ya zagayo tsatsar ta janye, sauran murjanin da suka tsira daga kulawarsa suka fara buɗewa.

A taron bazara ya dawo da sabuwar riga da hotuna a allo, ya yi mana jawabi mai tsawo kan yadda ya murƙushe dayatom. Sababbin mambobi biyu har tafi suka yi.