Simintin Malam Ya'u

Bayan Bab Makka, tsohuwar ƙofar garin Jidda, inda lungu ke matsewa, akwai kangon wani ƙaramin masallaci da ba wanda ya san shekarunsa. Rufin ya daɗe da zubewa. Saura bango uku na dutsen murjani, irin wanda ake haƙowa a bakin teku, an gitta katako tsakanin jeri da jeri don kada ginin ya tsage.

Salihu magini ne, haifaffen Jidda, kuma in ana zancen kangon nan ba ya bari kowa ya sa baki. Ubansa Malam Ya'u, da ya zo aikin hajji bai koma gida ba, shi ya ga bangon alƙibla na zaizayewa, ya yaɓe shi da siminti saboda Allah. Ba kabarinsa Salihu ke ziyarta ba, bangon nan yake zuwa ya shafa.

Da masu kula da kayan tarihi suka kewaye wurin, aka ɗauke shi cikin ma'aikata. Murna kamar an ba shi kujerar Makka, shi da ke ƙofarta. Sai injiniyar, Wejdan, jikar Hausawa mai jin Hausa fiye da yadda take yin ta, ta ƙwanƙwasa yaɓen. Ya yi ƙara kamar tulun da ba ruwa.

"Ammu, simintin nan lazim, dole ya fita," in ji ta, tana kiransa baffa da Larabci. "Dutsen numfashi yake yi. An toshe shi, gishiri na cin sa ta ciki."

Ran Salihu ya ɓaci ƙwarai. Yarinyar da aka haifa jiya! Ya wuni yana cika yana batsewa, ko shayi bai sha ba. Amma da ya ga wani ya ɗauki guduma, sai ya riƙe hannunsa.

"Halas, ya isa, kawo. Ni zan yi."

Ya buga a hankali. Ɓawon ya faɗo, dutsen da ke bayansa ya zubo masa a ƙafa kamar garin tuwo. Ya daɗe yana kallo. Gaskiyarta ce, kuma ta yi masa ciwo.

Wejdan ta girgiza kai. "Haram wallahi. Wa ya yi wannan ɓarna?"

Ba wanda ya sani a wurin sai shi. Da ya ga dama ya yi shiru, da shi ke nan.

"Babana ne," ya ce. "Sunansa Ya'u. Bai sani ba, ya binti, 'yata. Ki sa shi a addu'a."

Ya sake ɗaga gudumar.