Motar da ke Tsayawa a Ƙofar Nuala

Kujera shida ce a ajin, babu ƙari. Haka tsarin yake: yara shida masu larurar galahanga, malama ɗaya, mataimaka biyu. A duk tsawon gaɓar tekun nan ta yammacin Ireland makarantar firamare ɗaya ce ke da irin wannan aji, don haka kujera ba ta samuwa sai wani yaro ya girma ya wuce sakandare, ko iyayensa sun yi ƙaura. Dervla ta san shekarun yaran nan shida fiye da yadda ta san na 'ya'yan 'yan'uwanta. Ta sha lissafawa tana wanke-wanke, kullum kuma wuri ɗaya lissafin ke kai ta: babu mai tashi nan kusa.

Ɗanta Lorcan ya shiga shekara ta bakwai bai taɓa cewa Mama ba. An gwada shi a ajin sauran yara, ƙararrawa da hayaniya suka sa ya shige ƙarƙashin tebur yana cizon hannunsa har jini ya fito. Tun daga nan yake gida. Da safe yakan tsaya a taga ya kalli farar motar da ke kwasar yaran ajin har ta wuce, sannan ya koma jera cokula a ƙasa. Dervla ta ajiye aikinta na kantin magani. Ta bi makarantu har na garuruwan da ba ta taɓa takawa ba, amsar ɗaya ce: a cike muke. A nan garin dai an ce mata shi ne na gaba.

Wata Lahadi da aka tashi daga coci ta tsaya ta kunna kyandir, ta ce a ranta, Ya Ubangiji, kujera ɗaya, ko ta halin ƙaƙa.

Ba a jima ba Colm, ɗan Nuala, ya sulale ta ƙofar baya uwarsa na amsa waya. Shi ma ba ya magana, ga shi da son ruwa. Maza suka bazu cikin gonaki suna kiran yaron da ba zai amsa ba. A bakin kogi aka same shi, daidai inda yake shiga teku. Colm ɗan ajin ne.

Dervla ta je gaisuwa tare da mahaifinta, Malachy. Layi ya kai har titi, ana yayyafi. An lulluɓe madubi, an tsayar da agogon bango kamar yadda ake yi a gidan mutuwa a nan, ga ƙaramin farin akwati a tsakiyar falo. Da ta iso gaban Nuala, wadda suka yi firamare tare, ta miƙa hannu.

"Sannu da haƙuri, Nuala."

Nuala ta riƙe hannun ba ta saki ba. "Ya Lorcan?"

Dervla ta zare hannunta ta wuce. A kicin, inda ake raba shayi da burodi, wata tsohuwa ta matso ta raɗa mata, "Ke kam, yarinya, kakarki ta yanke saƙa." Dervla ta ajiye shayinta ba ta sha ba.

Bayan an yi jana'iza shugabar makaranta ta bugo waya, muryarta ƙasa-ƙasa. Kujerar ta Lorcan ce daga Litinin. In ba a so, a faɗa da wuri, akwai wasu a baya. Dervla ta ce za ta yi tunani.

"Tunanin me?" in ji Malachy yana cire takalmansa na gona. "Ke kika buɗe wa Colm ƙofa?"

"Baba, na roƙa. Cewa na yi ko ta halin ƙaƙa."

"Ni tun ina da gashi nake roƙon Allah ya ba 'yan ƙwallon jiharmu kofi. Kin ga kofi? Da addu'ar gidan nan na da kaifi haka, da tuni shanun maƙwabcinmu Gallagher sun daina ci mini kabeji."

Ba ta yi dariya ba. Ya dubi jikansa da ke durƙushe a gaban cokula, ya sassauta murya.

"'Yar nan, in kika ce a'a, ba Colm kika dawo da shi ba. Wannan dai kika binne a ɗakin nan."

Ta ce to, amma ranar farko za ta bi motar. In ta ji ba za ta iya ba, su dawo tare, a ba wani.

Ran Litinin farar motar ta tsaya a ƙofarsu. Direban, Dinny, mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. "Maraba da babban baƙo! 'Yar Malachy, shigo, amma kada ki taɓa mini rediyo, ko matata ban yarda ba." Bernie, matar da ke raka yaran, ta nuna mata ɗan benci kusa da ƙofa. Kowane yaro da mazauninsa, ba a canzawa. Guda ɗaya ne wayam, na jikin taga. Lorcan ya wuce kai tsaye ya zauna kamar an taɓa nuna masa. A jikin gilashin akwai wani tabo na maiƙo, zagayayye, daidai tsayin goshin yaro.

"Na so in goge," Bernie ta ce a hankali. "Maeve ta hana." Ta nuna wata yarinya mai jan gashi da ke kaɗa jiki gaba da baya.

Suka bi titin bakin teku. Da suka zo mararraba, maimakon dama sai Dinny ya karya hagu, ya hau wata siririyar hanya mai katangar duwatsu. Dervla ta san hanyar. Ta bi ta da baƙaƙen kaya ranar gaisuwa.

"Dinny, makaranta ai ba nan ba ce."

"Na sani." Wannan karon babu wasa a bakinsa. "Washegarin jana'iza na miƙe kai tsaye. Maeve ta dinga buga kanta a ƙarfe, wancan ya yi amai, sauran suka ɗauki ihu har aji. Ranar ba a yi karatu ba. Su hanya hanya ce, ba a tsallake mata gida. Sai in je in tsaya, in buɗe ƙofa, in jira kamar yadda nakan jira shi, in rufe."

"Nuala ta sani?"

"Ga ta can."

Tana tsaye a bakin shinge cikin babbar rigar sanyin mijinta, ba lema. Motar ta tsaya. Ƙofa ta buɗe, iska mai ɗanshi ta shigo. Yaran suka yi tsit, har mai kaɗa jiki ta tsaya, duk idanunsu a kan matakalar. Babu kowa a kanta. Dervla ta lura idanun nan ba tsaye suke ba, a hankali suke tafiya daga ƙofa zuwa cikin mota, kamar masu bin wani da ke takowa ba ya sauri.

"Ina kwana, Colm," in ji Maeve, da muryar da aka koya mata gaisuwa.

Lorcan, wanda ba ya kallon kowa, ya matsa jikin taga kamar mai ba wani wuri.

Sai a lokacin Nuala ta lura kujerar ba wayam take ba. Hannunta ya kama shingen. Dervla ta miƙe ba ta san ta miƙe ba, ta kai hannu za ta kwance wa Lorcan bel. Ya ture hannun. Ta sake kaiwa, ya fara wannan gurnanin da ke zuwa kafin cizo.

"Ƙyale shi."

Nuala ce, ta iso bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga gashinta.

"Nuala, ban san nan ake biyowa ba. Zan sauke shi. Zan ce musu su ba wani. Allah ya sani, ni ban..."

"Na san abin da kika roƙa. Da wane baki kike tsammani na samo wa nawa?" Ba ta kalli Dervla ba, yaron take kallo. "Kullum sai na leƙa in ga kujerar babu kowa. Wannan ne ba na iyawa."

Injin motar na ta kaɗawa.

"Sauko, Dervla. Uwa ba ta bin su. In ya saba da ke a ciki, gobe ke za ki sha wuya."

Dervla ta dubi ɗanta. Ya daina gurnani, ya jingina goshinsa da gilashi, bai san tana yi ba. Bernie ta gyaɗa mata kai. Ta taka matakalar ta sauka. Dinny ya rufe ƙofa, ya juya motar a ƙofar rumbu kamar yadda ya saba.

Nuala ta ɗaga hannu. Dervla ba ta san wa take ɗaga wa ba, ba ta kuma tambaya ba. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa har farar motar ta ɓace a bayan tudu.

"Har yaushe za su riƙa biyowa?" in ji Dervla.

"Har su manta."

"Ai irinsu ba sa mantuwa."

"To," in ji Nuala. Ta ja rigar ta rufe wuyanta, ta shige gida.

Dervla ta kama hanya a ƙasa cikin yayyafi. Rabonta da ta yi tafiya ba ta riƙe da hannun kowa ba har ta manta. Sau biyu tana waigawa.