Farantin Rini Zalla

Karo na uku ke nan ɗalibar tana goge tabarau tana sake leƙa na'urar ƙara girma, amma koren nan bai gushe ba. Ga shi ɗigo-ɗigo yana ƙyalli cikin ƙwayoyin halitta, a farantin da bai kamata ya nuna komai ba.

Shekara guda ta yi tana haɗa wani abu mai danƙo da ke kwaikwayon tsokar mutum. A cikinsa take rainon ƙwayoyin, sannan ta zuba musu 'yan mitsi-mitsin ƙunshin da suke aika wa juna saƙo da su, bayan ta rina ƙunshin kore. In ƙwaya ta yi ƙyalli, to ta haɗiye saƙon ke nan. Hoton wannan ƙyallin Farfesa za ta nuna wa baƙi ƙarfe goma.

Wannan farantin kuwa rini ne zalla, babu ƙunshi ko ɗaya. Jiya ta haɗa shi a ɓoye, don hankalinta ya ƙi kwanciya.

"'Yar Tabarau, aljani kika gani a ciki?" in ji Kawu, tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin, yana jera kwalabe.

Ta matsa masa. Ya leƙa, ya daɗe.

"Ashe rinin ne ke dunƙulewa yana shiga da kansa. Ba ki gwada shi shi kaɗai ba tun farko?"

"Danƙon ne ya ƙare mini a lokacin, Kawu. Sau biyu na ɓata shi, na kasa tambayar wani."

"Da Farfesa ta tambaye ki fa?"

Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin farar rigarta.

"Kayya, 'yar nan," ya ce a hankali. "Saura minti ashirin. Ni dai ban iya hawa bene ba, gwiwa."

Ita kaɗai ta hau. A ƙofar ofis ta yi sallama da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji. Farfesa na gyara mayafi, hoton na haske a kwamfutarta.

"Yauwa, ga tauraruwarmu! Zo ki ga yadda ya fito."

Ɗalibar ta faɗa mata duka a tsaye, tana kallon ƙafar tebur.

Farfesa ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Rini ya yaudari waɗanda suka fi ki, har da ni. Amma ranar da na tambaye ki, me kika ce mini?"

"Na ce na gwada."

Farfesa ta rufe kwamfutar, ta miƙo mata.

"Sa hoton na yau kusa da wancan. Ke za ki yi musu bayani."

"Ni, Malama? Muryata rawa take yi."

"Ta yi. Za su ji."

Ta rungume kwamfutar a ƙirji ta fito. Daga ƙarshen baranda tana jiyo baƙin suna jan kujeru. Ta tsaya ta share hancinta, sannan ta nufi ƙofar.