Ƙafafun Hagu

Ƙashin ya yi laushi da wuri. Abin da ya fara damuna ke nan.

Aikina a ɗakin gwajin jami'a shi ne yanka. Masu binciken ƙashi da na tsoka duk mu suke kawo wa kayansu, domin injin ɗaya ne, kowa kuma layi yake bi. Tsoka ba ta da wuya, a daskarar da ita a yanka. Ƙashi kuwa sai ya yi makonni a cikin wani ruwan magani mai sanyin aiki, ya zama kamar roba, sannan a zuba shi a kakin kyandir, in yanka shi fiye da ɓawon albasa siranta, a ɗora a gilashi a rina.

Kwalaben Auta, ƙanwata, suna kan kanta ta biyu. Ƙafafun ɓeraye ne na dama, su ne aikin digirinta gaba ɗaya. Ko rabin lokacinsu ba su yi ba, na soka wa ɗaya allura don dubawa kawai, ta shige kamar a sabulu. Na buɗe kwalba ta gaba na shinshina. Ruwanmu ba ya wari. Wannan kuwa ya hau mini kai.

Asid ne. Yana tausasa ƙashi cikin 'yan kwanaki, amma in ya daɗe a ciki rini ba ya kama shi. Wani ya zubar da ruwanmu ya zuba wannan.

Tun ranar da Shugaba, mai kula da ɗakin gwajin, ta ji cewa Auta ƙanwata ce ta ja mini kunne. Ta ce in kayan yarinyar suka tsallake layi, ko ta sa hannu a kantar nan, ni zan bar aiki, ita kuma ba za a ƙara karɓar kayanta ba. Mu uku ne masu makulli: Shugaba, da ni, da Dogo mai rini.

Dogo yana wanke gilasai yana fito. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Kayan abokinsa ne ke bin na Auta a layi, kuma ya sha yi mini ba'a wai na buɗe wa dangi reshe a ofis.

"Dogo, ka taɓa kanta ta biyu?"

"Ta gimbiya? Ni ko kallonta ba na yi, kada a ce na yi mata baki."

"An canza ruwan."

Ya kashe famfo ya juyo. "Mai Reza, tambaya kake yi ko tuhuma?"

"Tambaya."

"To fuskarka ba ta sani ba." Ya goge hannu a rigarsa. "Makullina a wuyana yake kwana. Kai naka fa?"

Nawa a ƙusa yake kwana, bayan ƙofar falo, inda kowa a gidanmu ke wucewa. Na ture wannan tunanin gefe.

Na shirya ƙafa ɗaya na yanka, Dogo ya rina. Da na leƙa ta madubin injin dubawa, komai fari fat, kamar tsohuwar riga da ta sha wanki. Na kira Auta na ce ta zo da rana. Ban faɗa mata dalili ba.

Ta shigo da ƙaramar jakar sanyi a kafaɗa, ta gaida Dogo, ta zauna a kujerata kamar yadda ta saba.

"Yaya, muryarka ta tsufa a waya. Lafiya?"

"Leƙa nan."

Ta leƙa, ba ta daɗe ba. "Bai kama ba," ta ce. "To, ba komai. Ai akwai na hagu." Ta zuge jakar, ga kwalabe a jere, kowace da lambarta. "In ka sa su yau a gurbin waɗancan, ba wanda zai lura. Wannan karon a cire su da wuri."

Dogo ya daina goge gilashin da ke hannunsa.

"A cire su daga me da wuri?" na ce.

Ta gyara zaman wata kwalba a cikin jakar.

"Auta, ni ban ce miki komai a waya ba. Me ya sa kika zo da su?"

Ta kalli ƙofa, ta kalli takalminta. "An matso da ranar kare aikina, Yaya. Na karanta cewa wasu na yi da asid, sai na ɗauki makullinka a ƙusa na zo na zuba. Na so in dawo in cire, sai ka daina rataye makullin a ƙarshen mako."

"Wandona na wanke da shi a aljihu," na ce.

Dogo ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce shi zai je shan iska.

"Tsaya," na ce masa. "Ka yi haƙuri da maganar ɗazu."

"Na ji. Amma in Shugaba ta tambaye ni, ni ban iya ƙarya mai kyau ba."

Na karɓi kwalaben, na zuba musu ruwanmu mai sanyin aiki. Auta tana kallo na wuce kanta ta biyu, na durƙusa, na jera su a ta ƙasa, bayan kayan kowa.

"Yaya, ba za su kai ranar ba."

"Ba za su kai ba."

"Kuma za ka faɗa mata?"

Na ciro makullin daga aljihuna. Ofishin Shugaba a buɗe yake, ina jin motsin kujerarta.

"Tashi," na ce. "Ke za ki fara magana, ni zan tsaya kusa da ke. In ta kore mu, hanyar gidan ɗaya ce."