Guntun Iccen Toivo

Tit, tit, tit. Sai shiru, fuskar kwamfutar baƙa ƙirin. Arlene Maki ta kashe ta sake kunnawa, ta mari gefen akwatin kamar yadda marigayi mijinta Toivo yake yi. Abin ya sake yi mata kukan nan uku, kamar na ɗan tsako.

Ba wai ta iya kwamfuta ba ne, karatunta ma bai wuce sa hannu a takarda ba. Abu ɗaya ta sani: a danna maɓalli, a jira, a taɓa hoton kwalekwale a kusurwa, sai muryar Toivo ta fito yana rera waƙoƙin kakanninsa na Finlan, waɗanda ya ɗauka bayan ya bar aikin haƙar ƙarfe. Tun da aka binne shi, da muryar nan take shan kofinta na safe. Yanzu ba mai magana a gidan sai firij.

Kuma ta san mai laifin. Helmi ce, ƙanwar Toivo, da ta kwaso matan coci su share gida, kamar yadda ake yi wa wadda ta rasa miji. Suka zo da kwanonin dankali da nama, suka tafi da rigunansa. Ita kuwa Helmi, uwar tsafta, har cikin kwamfutar ta buɗe ta zura bakin injin shara. Wa ya aike ta?

Arlene ta buga mata waya. "Ki kawo motarki. Ke kika kashe, ke za ki ɗauki gawa."

"Haba matar Yaya, ƙura fa na cire! Ƙurar da ke ciki ta isa a shuka dankali."

"Ƙurar taki ce? Ki zo, na ce."

Haka suka bi ta cikin dusar ƙanƙara har shagon Duane mai gyara, Arlene rungume da akwatin a cinya.

Duane ya jona wuta ya kasa kunne. "Uku ko? Kwantar da hankalinki Mama, ba mutuwa ta yi ba, ƙorafi take yi. Katin ƙwaƙwalwarta ne ba ya zaune daidai." Ya buɗe ya danna katin, katin ya sake ɗagowa. "Maƙallin ya daɗe da karyewa, kuma irin wannan tsohuwar ba a samun kayanta yanzu. Amma waƙoƙin suna nan lafiya. In juye miki su a waya?"

"In sa mijina a aljihu kamar makulli? A kusurwarsa nake son shi, gaban kujerarsa."

Duane ya sosa ƙeya. "Ni abin da ya ɗaure min kai, da me katin nan yake tsaye duk shekarun nan?"

Nan Arlene ta juyo ta dubi Helmi. Toivo bai taɓa sayen abin gyara ba. Ƙafar tebur, tagar kicin, ƙofar mota, duka da guntun icce ya tokare su, wanda yake feƙewa da wuƙarsa daga itacen ɗakin wankan tururi.

"Akwai icce a ciki," in ji Arlene. "Kin zubar ko? Kin ga datti!"

Helmi ta buɗe jakarta, ta warware wani hankici. Ga shi nan, bai kai ɗan yatsa ba, da sawun wuƙa a jikinsa.

"Ɓarauniya!"

"Ke kin sami gida, kin sami kujera, kin sami murya," in ji Helmi. "Ni da muka fito ciki ɗaya, ko maɓallin rigarsa ban samu ba. Shinshina ki ji, ƙamshin ɗakin wankan Baba ne. Wallahi ban san shi ke riƙe da abin ba."

Arlene ta miƙa hannu. Helmi ta ɗan jima tana murza shi kafin ta saki.

Duane ya cusa iccen, ya shige wurinsa cif. Tit, sau ɗaya tak, sai haske. Arlene ta ture hannunsa ta taɓa kwalekwalen da kanta.

Aka ji gyaran murya, kujera ta yi ƙara. "Arlene, rufe mana ƙofar nan, ina ɗaukar abu!" Sannan waƙar ta fara, muryar nan mai kauri da ba ta taɓa hawa daidai ba.

Helmi ta toshe baki da hankicin da babu komai a cikinsa. Arlene ta bari har waƙar ta ƙare, idonta a kan bango.

"Ɗauki, ki kai mota. A hankali, kamar ƙwai." Sai da suka kai ƙofa ta ƙara, ba tare da ta dube ta ba: "Da safe nake kunna shi. Ki zo da burodinki. In kuwa na ga injin shara a hannunki, ke da shi za ku kwana a waje."